Kwali Goma Sha Huɗu a Ɗakin Inna

Shekara goma sha tara ke nan yana koyar da kasuwanci a sakandare, kuma tun a shekararsa ta biyu ɗalibai suka laƙaba masa Malam Rukuni. Dalili kuwa, ba ya iya ganin taron mutane ya bar su a dunƙule. In ya shiga motar haya, kafin a kai mahaɗa ya riga ya raba fasinjoji gida-gida: masu shekaru, masu abin hannu, mazauna bayan gari, da masu faɗa da direba.

"Kasuwa ba ta kowa da kowa ba ce," in ji shi a aji, yana buga alli a allo har ya karye. "Ka raba masu saye rukuni-rukuni, ka zaɓi naka, ka tunkare shi. Wanda ya ce kayansa na kowa ne, bai san inda ya dosa ba."

Bara waccan ya yanke shawarar nuna wa duniya abin a aikace. Ya rubuta littafi mai shafi casa'in da shida a kan rarraba kasuwa, sannan ya zauna ya rarraba tasa. Ba duk ɗalibai ba, 'yan ajin kasuwanci. Cikinsu ma 'yan ajin ƙarshe. Cikin waɗannan, masu tsoron jarrabawa. Cikin matsorata, waɗanda in an ba su kuɗin tara za su iya haƙura da yunwa su sayi littafi. Ya zana da'ira cikin da'ira a takarda, ta can ciki ba ta fi maɓallin riga ba. Ya nuna wa duk wanda ke ɗakin malamai, har da mai shara.

Mai maɗaba'a ya ce injinsa ba ya tashi a kan ƙasa da kwafi dubu. Malam ya ce dubun ma somin-taɓi ne. Ya kuma zaɓi takarda mai kauri, don binciken da ya yi ya nuna matsoracin ɗalibi yana buɗe shafi ɗaya sau ashirin.

Ranar da littafin ya fito, shugabar aji ta sayi ɗaya. Ta ɗauki hoton shafi casa'in da shida da wayar yayarta, ta tura wa 'yan aji, su kuma suka tura wa 'yan uwansu a wasu makarantu. Washegari ta zo har teburinsa ta rusuna.

"Malam, kowa ya ce littafin ya yi. Allah ya ƙara basira."

A wannan shekarar, ajinsa ya ci jarrabawa cin da bai taɓa yi ba. Shugaban makaranta ya yabe shi a gaban taro, aka yi tafi. Littattafan kuwa, kwali goma sha huɗu, suna ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, an jera su har rabin taga.

Sun shekara biyu a nan ba su dami kowa ba, sai gwiwar Inna, mahaifiyarsa, ta ƙi hawan bene. Gidan ƙaninsa inda take zaune a sama yake. Likita ya ce ta sauko, 'yan uwa suka sa ranar Asabar ta ƙarshen wata ta koma ƙaramin ɗakin nan na gidan Malam. Ɗakin kuma abu ɗaya yake ɗauka, ko gado ko kwalaye.

"Baban yara," in ji matarsa, tela ce, tana magana da allura a baki, "Inna a kan babi na nawa za ta kwana?"

"Ki bar ni, ina da tsari."

"Tsarin ne ya cika ɗakin."

Ya ɗaura kwafi ashirin a bayan babur ya fita. Mai shagon littattafai ya juya littafin, ya yaba bango, ya ce ɗansa ma yana da shi a waya. Shugaban makaranta ya ce za a iya sa shi cikin littattafan dole, in kwamiti ya zauna zango mai zuwa, in an samu kwamiti. Wani uba a bakin ƙofar makaranta ya tambaya ko akwai lissafi a ciki. Malam ya dawo da kwafi goma sha tara, ɗayan ya faɗi a hanya. Kullum da yamma sai ƙanin ya kira: "Yaya, an share ɗakin? Inna ta fara ɗaure kaya."

Ranar Talata matar ta ajiye almakashi.

"Ni ban yi ajinka ba, amma shekara goma sha tara ina jin kana bitar darasin nan ta bango. Ba cewa kake a nemi mai buƙata ba? To wa ke buƙatar takarda mai kauri?"

"Mai neman ilimi."

"Mai ƙusoshin bakin titi. Jaridar da yake ƙunsa kaya da ita hujewa take. Jiya ƙusa ta zube min a kwata."

Malam bai ci abincin rana ba. Ranar Laraba ya yi magana da yara, ya yi da maƙwabci, bai yi da ita ba. Ya sake shiga ɗakin da ma'auni ko gado zai shiga a karkace. Ba zai shiga ba. Ya buɗe kwafi ɗaya don ya huce, sai ya faɗa a babi na huɗu, inda shi da hannunsa ya rubuta cewa kada ɗan kasuwa ya zaɓi rukunin da bai kai ya ɗauke kayansa ba. Har layi ya ja a ƙarƙashi.

Ranar Alhamis ya je shagon. Mai ƙusoshi, dattijo mai gilashi ɗaure da zare, ya karɓi littafin da hannu biyu. Bai dubi suna ba. Ya yage shafi na arba'in da ɗaya, ya naɗe shi kamar mazurari, ya zuba ƙusa 'yar inci uku, ya girgiza kusa da kunne. Ko ɗaya ba ta leƙo ba.

"Kai, Malam, wanda ya yi littafin nan ya san aikinsa."

"Ni ne."

"To sannu. Nawa ke akwai?"

"Kwali goma sha huɗu."

"Duka nake so, ni da ƙanina mai fenti. Amma a cire bango, santsi gare shi. Za ka sake bugawa? In za ka sake, kada ka canza takarda."

Juma'a aka kwashe da baro, sahu biyar. Bangon matar ta tara a buhu, ta ce zai yi mata samfurin wuyan riga. Aka goge ƙasa, aka shigar da gado, taga ta buɗu karon farko cikin shekara biyu. Asabar Inna ta iso, ta zauna a bakin katifa tana murza gwiwa, ta ce ɗakin akwai iska, sai dai yana warin makaranta.

Litinin darasin ya zagayo, kamar yadda yake zagayowa kowace shekara. Malam ya zana da'ira cikin da'ira, ya tsaya ya daɗe yana kallon ta ciki.

"Akwai wani mutum da na sani," ya ce. "Ya zaɓi rukuni kamar maɓallin riga, ya yi musu kaya dubu."

Aji ya fashe da dariya. Wani daga baya ya ɗaga hannu.

"Malam, shi bai yi makaranta ba ne?"

"Ya yi," in ji Malam. "Ku rubuta."