Ragon da Na Yi wa Wanka

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai suka fara zuba a ƙasar nan, Kazaure tana cikin jihar Kano, ni ne shari'a a garin nan. Kada ku yi dariya. A takarda dai akawu ne ni, mai taimaka wa lauyan gwamnati da ke gabatar da ƙara. Amma shi lauyan daga Kano yake zuwa ranar zama ya koma, ni kuwa ina nan daram. Ni ke haɗa takardu, ni ke nemo shaidu daga Roni har Babura, ni ke lura da kayan shaida. An yi mana ƙarin albashi na sayi babur sabo fil, na ɗinka wando mai faɗin ƙafa, wanda in na ratsa kasuwa da shi ranar masu shara sun huta. A majalisarmu ta ƙofar gida nakan ce in na yi atishawa a Kazaure, ɓarayin Gwiwa a daji suke kwana.

To, rago ne ya yi maganina.

Wata tsohuwa ce a wani ƙauye bayan Gwiwa, mijinta ya rasu, ba ta da mai yi mata noma. Abin da ta mallaka rago ɗaya ne da ta turke, in Babbar Sallah ta zo ta sayar ta sayi hatsin shekara. Aka fasa mata danga aka kwance shi. 'Yan sanda suka same shi a gidan wani mutum da aka daɗe ana zargi da satar dabbobi, ba a dai taɓa kama shi da kaya a hannu ba. Shi ya sa maganar ta zo ofishinmu. Mutumin ya rantse ragonsa ne, tunkiyarsa ce ta haife shi, ya kuma ɗauko lauya daga birni.

Aka yi ta ɗage shari'a. Rago yana ɗaure a bayan caji ofis, ba dusa ba harawa, har ya fara cin kwali. Maigidana lauya ya gan shi ya ce, "Wannan zai mutu kafin a zauna. Na sa hannu, ka kai shi gidanka. Amma ka riƙe shi yadda ka karɓe shi."

Na ce, "Yallaɓai, ai sai ya fi yadda na karɓe shi."

Ya riga ya rufe ƙofar mota, bai ji ba. Da ya ji, da ba ku sami wannan labarin ba.

Ban taɓa yi wa wata halitta hidimar da na yi wa ragon nan ba. Dusa da kanwa da safe, harawa da yamma. In na taso aiki sai na cika aljihu da ƙuliƙuli, yana jin ƙarar babur ɗina zai fara kuka. Matata ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan ba ka taɓa shigowa ka ce na ci abinci ba, amma rago har tambayarsa kake ya ya wuni." Na ce mata wannan ba rago ba ne, kayan gwamnati ne.

Ana gobe za a zauna na tsaya na ƙare masa kallo. Ya yi ƙiba, ya murje, amma ya yi dauɗa. Ga wani jan abu a cinyarsa ta dama, ga wani tsumma a wuyansa da ko launinsa ba a ganewa. Na tuna sabon alƙali ne, ga lauyoyi biyu daga birni. Na ce wallahi ba za a ce kayan shaida sun fito daga hannuna suna wari ba. Na ja shi bakin ruwa inda ake wanke ragunan Sallah, na sa sabulu da soso na dirje shi, na ɗauraye da bula. Jan nan ya ƙi fita duka, na sa almakashi na aske wurin. Tsumman na tsinke na jefa a ruwa, na sayo masa sabuwar igiya. Da muka dawo matata ta dube shi ta ce, "Anya jan nan dauɗa ce?"

Na ce, "Ke me kika sani a harkar shari'a?"

Da sassafe na je ɗauko tsohuwa. Ta hau bayan babur a karkace, rungume da wani ƙulli. Mun shigo cikin duwatsu, ina ta ba ta labarin yadda za mu ɗaure mutumin nan, sai ta ce, "Ɗan nan, na zo da zanen."

"Wane zane, Iya?"

"Wanda na yagi bakinsa na ɗaura masa a wuya. In aka haɗa, alƙali zai ga yagar ta zo daidai. Ga kuma jar garura ta rini da na shafa masa a cinyar dama. Mu a ƙauyenmu kowace mace da inda take shafa wa nata."

Saura kaɗan mu faɗa rami. Ta ce lafiya? Na ce yashi ne.

Abin da ya kamata, ina isa in ja maigidana gefe in gaya masa, ya nemi a ɗage zama ya san abin yi. Ban yi ba. Na gaishe shi, na miƙa masa takardu, har da ce masa komai ya kammala.

Tsohuwa ta ba da shaida tiryan-tiryan, ta kwance ƙulli ta ɗaga zanenta kowa ya ga yagar. Maigidana yana ta gyaɗa kai. Lauyan wancan ɓangaren ya miƙe ya ce a nuna rago. Kotu ta fito gindin bishiya, na jawo shi fari tas kamar za a kai shi ɗakin amarya. Lauyan ya zagaya shi a hankali ya ce, "Iya, ina ƙyallen? Ina garurar?"

Ta sunkuya ta shafa cinyarsa. Ta shafa ɗayar. Ta ɗago ta dubi alƙali ta ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne."

Maigidana ya juyo ya dube ni. Maimakon in yi shiru, sai wata dabara ta zo min. Na raɗa masa, "Yallaɓai, a sake shi. Dabba ba ta manta mai ita." Ba shi da wata mafita, ya roƙi kotu, alƙali ya yarda. Aka tsayar da tsohuwa a nan, wanda ake tuhuma a can, aka cire igiya. Tana tafa hannu tana kiransa yadda ta saba. Rago ya dube ta, ya dubi mutumin, ya ratsa tsakaninsu kamar bai taɓa ganin ko ɗayansu ba, ya zo ya cusa hanci cikin aljihun wandona yana neman ƙuliƙuli.

Dariyar da aka yi ina jin har Babura an ji ta. Masinjan kotu sai da ya dafa bishiya. Alƙali ya cire tabarau ya tambayi maigidana ko yana so a ƙara akawunsa cikin waɗanda ake tuhuma. Tsohuwa kaɗai ba ta yi dariya ba, tana ninke zanenta.

Aka sallami mutumin, ba hujja. Rago kuma aka ce a mayar wa wanda aka same shi a hannunsa. Ina tsaye ya ja shi ya tafi, da ƙibar da na yi masa, da igiyar da na saya. Maigidana bai yi min faɗa ba, wanda da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya ce kawai, "Na ce yadda ka karɓe shi." Na mayar da tsohuwa gida, na sauke ta a ƙofar dangarta na juyo.

Na ba da labarin nan a majalisa ya fi a ƙirga, kullum a wurin aljihu nake tsayawa, don nan ne ake dariya. Abin da ba na faɗa shi ne shekarar nan maƙwabta ne suka ciyar da matar. Na daɗe a aikin bayan haka, ban sake taɓa kayan shaida da niyyar gyara ba, ko wuƙa ce da tsatsa haka za ta je gaban alƙali. Amma har yau in na ga ana wanke ragon Sallah sai in ji kunya ta taso min tun daga ƙafa, in kau da kai.

Bayan Sallar shekarar da abin ya faru na kasa zama, na samo ɗan rago na ɗaure a bayan babur na kai mata. Na durƙusa na ce, "Iya, ni na wanke ragon nan naki."

Ta ce, "Na sani. Tun a kotu na ji ƙamshin sabulu."

Ta karɓi igiya, ta shiga ɗaki ta fito da garura, ta jiƙa ta shafa masa a cinyar dama ina kallo. Sannan ta goge hannu a zaninta ta ce, "To ka gani da idonka, ɗan nan, ba dauɗa ba ce. In an sake sace shi, ka yi min arziki ka bar shi a hannun ɓarawon. Shi ko ba komai bai wanke min shi ba."