Tsayuwar Kakana a Filin Fareti

Ƙanshin man takalmi ne ya tashe ni ranar, tun ba a dama koko ba. Kakana yana zaune a ƙofar ɗakinsa a gidanmu na Samaru, yana goge takalman sojansa da tsumma, lambobin yabonsa na yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama suna jere a kan tabarma. Ranar tunawa da mazan jiya ce. A shekarar kuma ƙafarsa ta dama ta fara ƙin ɗaukarsa, ko salla a zaune yake yi. Mahaifina ya roƙe shi ya haƙura da fareti. Kakana ya ce bai taɓa sauraron busar begilar mamata a zaune ba, ba kuma bana zai fara ba. Da yake ina hutun makaranta, sai aka ce in raka shi.

"Amarya," ya ce mini a cikin tasi, da wasan nan na kaka da jika, "in aka fara busa, kada ki taɓa ni. Ko faɗuwa na yi, ki bar ni sai an gama."

"Angon da ba ya iya tsayuwa, wa za ta karɓe shi?"

"Ke dai riƙe mini sanda."

A filin bariki na Sabon Gari mun tarar da tsofaffi a ƙarƙashin rumfa, wasu cikin kakin da ya yi musu yawa, wasu da babbar riga, lambobi na lilo a ƙirji. A cikinsu akwai wani tsohon saje, mutumin kudu, mai shagon kayan keke, wanda suka yi daji tare da kakana. Da jin gyaran muryar kakana sai ya ɗaga kai, ya yi masa Hausar bariki.

"Kofur! Kai bai mutu ba har yanzu?"

"Ina jiran ka wuce ne, Saje. Ai babba ke shiga gaba."

Aka kira su layi. Kakana ya miƙo mini sandar, ya ja ƙafa ya tsaya kusa da sajen.

Sai wani soja siriri ya fito tsakiyar fili shi kaɗai, ya ɗaga begila. Na sha jin algaita da kakaki, amma waɗannan masu rai suke wa kirari. Wannan busa kuwa a hankali ta tashi, ta yi sama, ta tsaya, kamar uwa a bakin ƙofa tana kiran ɗan da ya yi nisa. Sautin ƙarshe ya yi tsawo har ya narke cikin iska ban san inda ya ƙare ba. Shiru ya biyo baya. Duk yawan mutanen nan, abin da nake ji kawai igiyar tuta tana bugun ƙarfe.

A nan na ga wandon kakana yana kaɗawa daga gwiwa. Jikinsa ya fara karkata. Na damƙe sandar har tafina ya yi zafi, ina salati a zuci. Sai na ga kafaɗar sajen manne da tasa, ba wanda ya juya kai, ba wanda ya motsa hannu. Haka suka tsaya kamar bango guda, har babban hafsa ya ajiye furanni ya biyo ta gabansu, hannayensu biyu suka tashi tare suka sara masa.

Da aka sallame su kakana ya zube a benci, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa.

"Amarya, auren yana nan ko?"

Na miƙa masa sandarsa, hawaye na zubo mini.

Sai bayan shekaru masu yawa, su biyun duk sun rasu, na haɗu da 'yar sajen a kasuwar Sabon Gari, na yi mata godiyar yadda mahaifinta ya tokare kakana. A bakinta na ji cewa a lokacin yanar ido ta riga ta rufe wa mahaifin nata gani, yana ɓoyewa don kada a zaunar da shi. Da kafaɗar kakana yake gane inda tuta take, da ita kuma ya san hafsan ya iso gabansu.