Wanda Ya Fara Fitowa

Shekarun baya, lokacin da yaƙi ya raba N'Djamena gida biyu, ina aikin kashe gobara. Mota ɗaya ta rage mana, ita ma sai an tura. Amma ban taɓa zama da mutanen da suka shiga raina kamar abokan aikin nan ba.

Muna da wata al'ada ta banza. Duk wanda ya riga kowa fitowa daga cikin wuta, shi zai dafa mana shayi mako guda, muna kiransa amarya. Ni ne sarkin tsiyar, bakina ya fi hannuna aiki. Abokina ɗan unguwar Gardole, mai fama da tari tun yana ƙarami, sau biyu a jere abin yana faɗawa kansa. A na biyun har ɗankwali na ɗaura masa a gaban shef ɗinmu, wato shugabanmu, shef ya riƙe ciki don dariya. Abokin nawa ma ya dara, na ɗauka har zuci ne.

Wata rana da hantsi bam ya faɗa kan wani shagon atamfa a unguwar Mardjandafak. Mu biyu muka shiga da tiyo. Hayaƙi ya turnuƙe, azara ta fara ƙara a kanmu.

Na ce, "Yalla, mu fita!"

Yana tari ya ce, "Bismilla, yi gaba. Wallahi yau kam ba ni ba ne."

"Kai, bar wasa mana!"

"Fita, ina bayanka."

Na fita. Ina waiwayowa rufin ya rufto.

Ranar sadakar uku mahaifiyarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, faɗa mini gaskiya, ƙofar ce ta toshe?" Na ce, "E, Inna." Alhali ƙofar a buɗe take, taku huɗu ne tsakaninsa da ita.

Da na zama shef daga baya, duk wanda ya yi wa wani dariya don ya tsira da ransa, ni da shi ne. Amma kewar abokina ba ta ragu ba. Ina kewar yadda yake kiran sunana tun daga bakin titi, da rigimarmu kan wanda zai zauna kusa da direba. Sau da yawa abin dariya kan faru, in ji da ma yana nan in ba shi labari.

Inna kuwa, har ta koma ga Allah, duk ranar da na je gaishe ta sai ta sa mini albarka, wai na tsaya wa ɗanta har ƙarshe.