Mai Maganin Ƙazuwa a Bakin Tasha

Ina bakin tashar Birnin Gwari aka bugo mini waya daga Kutemeshi: 'yan bindiga sun kashe ƙawata Debora a daji, wurin sassaƙo ɓawon maɗaci. Na zauna a kan wani benci.

Ga wani mutum a gabana, ban taɓa ganinsa ba. Dogo ne, da farar shadda mai guga, takalminsa ko ƙura babu. Ya jera gwangwanayen maganin ƙazuwa a tabarma, kowanne an ɗaure murfinsa da kaba, irin ɗaurin da Debora take yi wa maganin da take haɗawa. Daga inda nake ina jin ƙamshin man kaɗanya da ɗacin maɗacin da take dafawa.

Wata tsohuwa tana miƙa masa hannu, ƙazuwa ta cinye tsakanin yatsunta. Ba ya taɓa ta. Da tsinke yake lakato maganin.

"Shafa, Iya, ki bar susar nan kamar mai kaɗa garaya," in ji shi. "Ni da kaina nake shiga daji in samo shi."

Ina kallon tafin hannunsa, sumul, babu kanta. Na Debora kullum ja ne saboda ɓawon itace. Wataƙila yana da 'ya'yan da yake ciyarwa. Wataƙila bai ji labarin ba tukuna.

Na tuna ranar kasuwar da ta wuce na ce wa Debora, "Ƙawata, kin yi mini alkawarin daina shiga dajin nan."

Ta yi dariya. "Na ƙarshe ke nan. Mai sayen maganina yana kaiwa tasha ma ya ce da kansa zai raka ni."