Ɗaki Ɗaya, 'Yan Haya Biyu

Ni ɗan Gwashi ne, noma na tashi na tarar a gidanmu. Bayan rasuwar mahaifina na tafi Gummi neman abin yi. Wata tsohuwa mai gidan haya, Inna Tumba, ta sauke ni a zaurenta. Har gobe ina tuna furarta da nonon da Fulani ke kawo mata da hantsi.

Sai na kama dillancin ɗakunan haya. A zamanin babu wayar hannu. Baƙo ya sauka a tasha da akwatinsa, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, sai a ce masa, "Nemi ɗan Gwashi, ya san duk ɗakin da ba kowa." In zaga da shi lungu-lungu, ga gida mai rijiya, ga na kusa da kasuwa. A ba ni la'adata, a sa mini albarka. Ban ƙara jin daɗin duniya kamar shekarun nan ba.

Da ɗan ƙari a kan kuɗin haya na fara cuta. Ba wanda ya gane. Daga nan na koyi karɓar kuɗi a kan ɗakin da na san an riga an kama.

Wata rana Malama Rifkatu, ungozoma daga Zuru, ta zo da 'ya'yanta biyu. Makullan Inna na hannuna, sai na nuna mata ɗakin da na riga na ba wani mai sayar da taki. Na karɓe kuɗin shekara, na ce ta dawo bayan sati. Ta iso da kayanta a amalanke, ta tarar da mutum a ciki.

Inna ta sa aka kira ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, mi na rage ka da shi?" Ta kwashe kayanta ta bar wa Malama ɗakinta, ita ta koma rumfa.

Labari na bazuwa, sauran da na cuta suka fito. Alƙali ya ɗaure ni shekara biyu. Ina gidan yari Inna ta rasu.

Ranar da na fito, gidan Inna na nufa. Na iske Malama tana shanya, na durƙusa. Ta ce, "Tashi, ni na yafe tuni. Inna ma ta yafe. Ta dai so ta ji ka roƙa da bakinka."

Na tuba ga Allah, yanzu facin taya nake yi. Samari, duk wanda ya danƙa muku makullinsa, ku riƙe masa amana. Wanda kuka saɓa wa kuwa, ku nemi gafararsa tun yana da kunnen ji.