Ruwan Ashirin da Biyar ga Afrilu

Sai da na yi wata biyu ina kwafe littattafan awon ruwan sama na Teta Stana zuwa kwamfuta kafin na lura cewa duk ranar ashirin da biyar ga Afrilu sai an yi ruwa a lambunta. Yawanci ba ruwan kirki ba. Wata shekara ɗigo ɗaya na milimita, wato kashi ɗaya cikin goma, wata ɗigo huɗu, abin da bai isa ya jiƙa bayan kaza ba. Amma yana nan tun 1987, har a shekarun da aka yi sati uku kafin ranar da sati uku bayanta ko hadari bai haɗu ba. Shekara ɗaya tak na ga sifili, 2020.

Ni ce sabuwa a ofishin gandun tsuntsaye na bakin kogin Neretva, don haka ni aka bai wa aikin da kowa ke gudu. A taron ranar Litinin na faɗi abin da na gani, da murya ƙasa-ƙasa, ina zaton za a yi dariya. Ba a yi ba. Shugabanmu, Injiniya Davor, ya buɗe alƙaluman na'urar zamani da aka kafa a ɗaya gaɓar kogi tun 2012. Shekara bakwai cikin goma sha biyu, na'urar ta ce ko yayyafi ba a yi ba a wannan rana.

"To, tsohuwa ƙirƙira take yi," in ji shi. "Wadda ta ƙirƙiri rana ɗaya, da me zan yarda da sauran kwana dubu goma sha uku? Alhamis ɗin nan ashirin da biyar ce. Tihana, ki je ki tsaya a kanta. In ba ki dawo da bayani ba, mu rufe tashar awon da ke lambunta, littattafan su koma ɗakin ajiya."

Na ce to. Da na sani na yi shiru, kamar yadda na saba.

Teta Stana Mataga, wato gwaggo Stana a yarenmu, shekararta saba'in da ɗaya. Asali ba ita aka bai wa tashar ba, mijinta aka bai wa, Barba Vicko, wato kawu Vicko, masunci. Ya yi kwana goma sha ɗaya yana awo, a na goma sha biyu ya ce kifi ba ya jiran ƙarfe bakwai, ya ja kwale-kwalensa ya tafi. Ta ɗauki gilashin awo, kuma ba ta ajiye ba har yau, duk da cewa sai da sunan Vicko ya yi shekara shida a bangon littafi kafin wani ya gyara. Kullum ƙarfe bakwai tana juye gwangwanin ruwan sama, ta buɗe farin akwati ta karanta ma'aunin zafi, ta dubi inda iska ke kaɗa ciyawar fadama, ta rubuta. Da ambaliya ta shanye lambun, a kwale-kwale ta je. A shekarun yaƙi, da wasiƙu suka daina tafiya, ta tara katunan rahoton wata-wata a gwangwanin biskit, aka samu lafiya ta aika su gaba ɗaya. Kwana ukun da ta yi a asibiti lokacin haihuwar autarta Vicko ne ya auna, kuma ta bi alƙalumansa ta kewaye su da fensir, ta rubuta a gefe: "Ban gani ba." Autar tana Jamus yanzu, duk bazara tana roƙon uwar ta je ta ga jikoki. Amsar ɗaya ce: su zo, gwangwani ba ya shiga mota.

Ranar Alhamis na sauka a motar farko, shida da kwata. Sama wasai, ko ɗan gajimare babu. Itatuwan lemu sun yi fure, ƙamshi ya cika hanyar da ke kan madatsar ruwa. Na same ta a ƙofar lambu da takalman roba, tana riƙe da kofi biyu na gahawa.

"Ke ce 'yar leƙen asirin?" ta ce. "Jikar wa?"

Na faɗi sunan kakata.

"Jela mai dogon wuya. Na san ta. Ita ma ba ta magana, amma ita don rowa ne. Sha."

Na sha. Tambayar da na yi ta bita a mota ta ƙi fitowa, sai na ce ina Barba Vicko.

"Yana coci. Sau ɗaya a shekara yake yi wa Allah aiki, shi ma don akwai giya a ƙarshe."

Da ta shiga bai wa kaji tsaba, na lallaɓa na ɗaga mazurarin da ke bakin gwangwanin, na leƙa ciki, har na sa yatsa. A bushe yake ƙayau. Na rubuta a takardata: shida da minti talatin da biyar, babu ko ɗigo.

Bakwai saura kwata na ji ƙararrawa, sannan waƙa. Mutum kamar ashirin ne ke tafe a kan madatsar, yawancinsu tsofaffin mata, gicciye a gaba. Sai a lokacin na tuna ranar Waliyyi Markus ce, ranar sa wa gonaki albarka. Kakata ta sha jan hannuna zuwa wannan yawo ina ƙarama, shekarun jami'a suka goge mini shi. Fadan ƙauyen, Don Mile, yana tsoma reshen zaitun a bokitin ruwa mai tsarki yana yarfa wa itatuwan lemu da magudanar ruwa da kunyoyin wake. Mai ɗauke da bokitin wani gajeren tsoho ne jajawur, cikin kwat ɗin da ta yi masa kaɗan, Barba Vicko ke nan.

Suka tsaya a ƙofar lambun. Fada ya yarfa wa alayyafo, ya yarfa wa akurkin kaji, ya yarfa wa farin akwati.

"Don Mile, ga gwangwanin gwamnati can," in ji tsohon, yana nuna matarsa da haɓa. "Kada Minista ta hana ni abincin rana."

"Riƙe bokiti da kyau, tsoho, rabinsa a takalminka yake ƙarewa," in ji Teta Stana.

Fada ya tsoma reshen har gindi, ya auna bakin mazurarin kamar mai jifan mangwaro, ya yarfa sau uku. Ina jin ɗigon yana sauka a kan ƙarfe. Suka wuce lambun gaba da waƙarsu, Barba Vicko yana rangaji da bokiti.

Bakwai daidai ta juye gwangwanin a gilashi, ta tsuguna har idonta ya yi daidai da layin.

"Ɗigo uku. Yau hannunsa a sake yake." Ta rubuta.

"Teta," na ce, "ai wannan ba ruwan sama ba ne."

"Ni na ce miki ruwan sama ne? Mutumin da ya kafa gwangwanin nan, Allah ya ji ƙansa, a nan ya tsaya ya ce: Stana, abin da kika samu a ciki ƙarfe bakwai shi za ki rubuta. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki yi tunani. Tunani na masu digiri ne. To ga ki kin zo, ki yi."

"Amma me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Shekara talatin da bakwai, wa ya tambaye ni? Ke ce ta biyu da ta taka lambun nan daga ofis. Na farkon lemu ya zo saye."

"Da kin rufe bakinsa kafin su iso."

"An ce kada a rufe shi ko da ganye ne. Kuma ki gaya mini, 'yar nan, an sa wa wake albarka, an sa wa kaji, shi gwangwani laifin me ya yi? Fadan farko da ya ji cewa da shi ake awon ruwa, cewa ya yi to ai ya fi wake buƙata."

Babu makawa, na gaya mata abin da Injiniya ya ce. Ban iya kallonta ba, takalmanta nake kallo. Ta ajiye gilashin a kan turke a hankali.

"Duka?" ta ce. "Har da na ambaliya?"

"Duka, Teta."

Wata kaza ta zo ta tsaya a kan takalminta, ba ta kore ta ba. Sai na buɗe takardar da na jera alƙaluman wannan rana, na fara karantawa don kawai a ji muryar wani.

"Tamanin da bakwai zuwa casa'in da biyar, ɗigo ɗaya, ɗigo ɗaya, in ban da shekara biyu da aka yi ruwa sosai."

"Don Ante ke nan," ta ce, ba ta ɗago ba. "Marowaci. Ko ruwan Allah ba ya saki."

"Casa'in da shida zuwa dubu biyu da tara, ɗigo huɗu, ɗigo biyar."

"Don Stipe. Wannan har huluna yake jiƙa wa mutane. Mata da laima suke fitowa."

"Daga nan ɗigo biyu ko uku."

"Wannan da kika gani. Ba yabo ba fallasa."

"Dubu biyu da ashirin, sifili."

"Shekarar annoba. An hana fita. Daga tagar coci ya yarfa, kuma daga can ba ya kawowa nan."

Na rubuta sunan kowane fada a gefen shekarunsa. Iyakar kowanne ta faɗa daidai inda alƙaluma suka sauya, ba ƙari ba ragi. Na koma gindin itacen lemu na kira Injiniya Davor. Ban taɓa kiran sa ba, saƙo nake aikawa. Na gaya masa busasshen gwangwani, da bokiti, da fadoji uku, da sifilin shekarar annoba.

Ina jin ƙarar cokali a kofinsa.

"Kin gani da idonki?"

"Na sa yatsa kafin, na ga gilashi bayan."

"Kuma a dubu biyu da ashirin ta rubuta sifili."

"Ta rubuta."

"Mai ƙarya ba ya tuna ya ba annoba hutu," ya ce. "Ki sa wa ranakun alama, ki cire ɗigon a shekarun da ba a yi ruwa ba, sauran su shiga yadda suke. Tashar ta zauna. Amma ki ce mata daga baɗi ta rufe gwangwanin kafin su iso."

Ban san ta matso ba sai da ta zare wayar daga hannuna.

"Injiniya, Stana ce, mai ƙirƙira. In rufewa kake so, ka aiko a rubuce da hatimi. Kuma kai za ka zo ka gaya wa Don Mile, a gaban matan nan ashirin."

Ban ji abin da ya ce ba, ya dai daɗe yana faɗa. Ta miƙo mini wayar.

"Ya ce a bar shi a buɗe, in riƙa rubuta sunan fada a gefe. Yana da ladabi, sai dai ya cika tunani."

Ta buɗe littafin a kan gwiwarta, ta rubuta "Don Mile" a gefen ɗigo ukun. Ta tambaye ni ko ina cin miyar kwaɗi, na ce ina ci, ta ce to Vicko bai kamo ba, alayyafo da dankali za mu ci. Ta ɗauraye gilashin, ta kife shi a kan turke, ta ɗauki wuƙa ta shiga kunyar alayyafo.