Baƙin Man Baba

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Makera, ni da Baba da Inna da ragon suna, kuma ni ce a kan sitiyari. Bari in maimaita saboda masu cewa ƙarya ne: ni ce a kan sitiyari. Yayata ta haihu a Suleja, washegari suna. Yayanmu da ya saba tuƙa Baba yana can kudu yana bautar ƙasa, shi kuwa Baba ƙafarsa ta dama ta kumbura, ko takalmi ba ta shiga balle ta taka birki. Da babu gara ba daɗi, sai aka tuna akwai wadda ta yi wata da watanni tana zagaye filin firamare da motar.

Sai dai da sharaɗi. Kafin Baba ya miƙo makulli sai da ya riƙe shi gam, ya ce, "Fijon nan kuɗin sallamata ce daga masaƙa. In ta yi ko tari a hannunki, ke da makulli sai kallo." Na ce na ji. A zuciyata na ce ko atishawa ba za ta yi ba.

Kakuri da sassafe abin kallo ce. Masu aikin dare suna fitowa daga masaƙu, masu aikin safe suna shiga, kekuna kamar fari, kowa da kwanon abincinsa a ɗaure a kariya. Masu shayi sun hura wuta, burodin da bara ake saye ba ciniki yanzu sai an tsaya ana jayayya a kansa. Mun sha mai a wani gidan mai kafin unguwar Television, kowa a layi tsaf, tunda sojoji sun koya mana bin layi da bulala. A bakin tashar Television kuwa wani kwandasta ya leƙo, ya ga kallabi a mazaunin direba, ya kwarma ihu, "Jama'a, mace ce!" Na danna masa oda na ce, "Da ka ɗauka uwarka namiji ce?" Inna ta dungure ni ta baya. Baba ya yi kamar yana duba rago.

Daf da Gonin Gora jar wutar mai ta fara ƙiftawa a gabana. Sai kuma wata ƙara can cikin inji, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa da cokali. Abu ɗaya yayanmu ya dasa mini a ka: jar wutar nan in ta kama, ki tsaya ko a tsakiyar gada kike. Na gangara gefen titi na kashe mota. Baba ya ce mu ci gaba, haka take yi wani lokaci, tsufa ne. Na ce ba inda za ni. Sharaɗin Baba kuwa yana raina, don ko gari ba mu gama fita ba ga mota tana tari a hannuna.

A nan ya kamata ku san wani hali na Baba. Kullum safiya yakan buɗe bonet, ya zaro geji, wato sandar awon mai, ya duba ta a hasken rana. In ya ga man ya yi baƙi ƙirin sai ya gyaɗa kai, ransa fes. Tun da ya sayi motar bai taɓa yi mata juye ba, sai ciko. Cikon ma a kwalba yake saye wajen masu tallar gefen hanya, kuma yakan ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya ya zaɓi wadda ta fi duhu. Hujjarsa ba ta da tsawo: ai baƙin mai sunansa. A ganinsa wanda ya fi baƙi shi ya fi ƙarfi, kamar shayi.

Yanzu ma kwalba ya ciro daga ƙarƙashin kujera ya ce in zuba. Na karkata ta na ga abin yana tafiya da ƙyar, da ɗan tsaki-tsaki a gindi. Na ce wallahi ba da hannuna ba. Muna cikin wannan sai ga wani bakanike Inyamuri daga rumfarsa a tsallaken titi, ƙato mai fara'a, yana goge hannu da tsumma. Ya ce a Kakuri ya koyi aiki, fijo kuwa ko a mafarki yana kwance ta. Ya karɓi kwalbar, ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya shinshina.

"Chineke! Baba, wa ya sayar maka da wannan?"

"Mutumina ne. Mai kyau yake ajiye mini, wanda ya fi baƙi."

Bakaniken ya yi dariya har da dafa mota. "Oga, wannan kwandem ne. Shi muke juyewa daga motocin mutane mu zubar bayan rumfa. Wasu su kwasa su ɗura a kwalba. Wataƙila ma ni na juye shi da hannuna, ka ga ka zo gaishe shi."

Aka tura motar zuwa rumfar, rago yana ta kuka a baya kamar shi za a yi wa aiki. Da aka kwance ƙusar ƙasan inji, abin da ya fito ba zuba ya yi ba, rarrafowa ya yi, kamar kunun da ya kwana. Bakaniken ya sauke kaskon ƙasan ya wanke da kananzir, ya nuna mana filta ta toshe ƙam. Ya ce da na ƙara tafiya kaɗan da inji ya buga, sai dai mu hau ragon zuwa Suleja. Daga nan ya koma kirana Hajiya Direba. Ya aike ni gidan mai in sayo galan mai hatimi, wanda ba a taɓa buɗewa ba, kuma in duba lamba: mai ashirin da hamsin, don tsohon inji a zafin ƙasar nan mai kauri yake so, wanda ba ya tsinkewa in rana ta take. Tsadarsa ta sa na yi salati, amma na tuna kuɗin sabon inji na biya.

Na kawo, aka fasa hatimi, aka tsiyaya kaɗan a murfi. Garai-garai, ja-ja kamar zuma. Baba ya leƙa, fuskarsa ta canza.

"An cuce ki. Man gyaɗa suka ba ki. Maza mayar musu."

Na buɗe baki zan yi magana irin tawa, Allah ya taimake ni Inna ta riga ni. Tun da muka tsaya tana zaune a benci tana cin gasasshiyar masara.

"Malam, shekara nawa ina suyar ƙosai a ƙofar gidanka? Ka taɓa ganin na zuba baƙin mai a kasko? Da haskensa yake shiga, aiki ke baƙanta shi. In ya yi baƙi kuma na ci gaba da suya da shi, kai ne na farkon cewa ƙosan yau da ɗaci."

Baba ya dubi murfin, ya dubi Inna, ya dubi kwalbarsa. Ya ce, "To su kuma masu sa suna me ya kai su?" Aka zuba mai, aka ɗaura sabuwar filta, na murza makulli. Jar wuta ta kama ta mutu, inji ya ɗauka lumui kamar kyanwa ta ƙoshi. Bakaniken ya leƙo ta taga ya ce duk wata uku a juye, ko in maleji ya ci kilomita dubu biyar, duk wanda ya riga zuwa, kuma a riƙa canza filta. In ana yawan bin hanyar ƙasa, kada ma a jira ya cika.

Daga nan tafiya ta yi daɗi. Hanyar Abuja cike da tirela da tifa, kowa na jan siminti da rodi zuwa sabon birnin da ake ginawa. Matan Gwari a gefen titi da kaya a kafaɗa, doya tsibi-tsibi, buhunan gawayi a jere. A Kateri muka tsaya Inna ta yi cinikin doya, arha har sai da ta yi zargin ko da ruɓa a ciki. Muka sha fura da nono mai sanyi, aka ba rago dusa. Na wuce wata tifa a hawan Jere, Baba ya riƙe ƙofa yana hailala, da muka wuce kuma na ji ya ce a hankali, "Ashe tana da gudu." Ban tambaya ba ko ni yake nufi ko motar.

Washegari suna ya yi kyau, rago ya cika aikinsa. Jaririyar jawur da ita, 'yan barka suna ta kiranta Baturiya. Inna ta duba bakin kunnenta ta ce ku daina, wannan baƙa ce kamar ubanta. Sai Baba daga bakin ƙofa ya ce, "Haka ne. Da haske ake shiga, aiki ke baƙantawa." Inna ta yi dariya har da hawaye, sauran mata suna kallonta ba su san dalili ba.

Mun dawo ana kiran la'asar. A Gonin Gora na danna wa bakanike oda, ya ɗago sifana yana ihun Hajiya Direba. Amma tun daga Television na tuna sharaɗi sharaɗi ne, mota kuwa ta yi tari a gaban shaidu. A ƙofar gida na kashe ta, na zare makulli na miƙa wa Baba ba tare da na dube shi ba. Bai karɓa ba. Ya gyara hula, ya jawo sandarsa.

"Tari na ce. Wannan gyaran murya ta yi. Riƙe, in wata uku ya cika ki kai ta."

To ga abin da na samo a tafiyar nan. Mai dai a saya mai hatimi, a duba lamba, a juye shi kafin ya gaji, ciko ba juye ba ne. Jar wuta in ta kama a tsaya, ko wa ke cewa a ci gaba. Hausawa sun ce suna linzami ne, gaskiya ne, don shi ya ja Baba har ya kusa kai fijonsa kushewa. Kwalbar nan kuwa ba a zubar ba. Inna ta karɓe, tana shafa wa ƙyauren bayi saboda gara. Makulli yana ɗaure a bakin zanena.